Zakarun Gwajin Dafi: Daga Gaɓar Kainji Zuwa Sararin Samaniya

Idan aka kira mutum zakaran gwajin dafi a yau, yabo ne. Haka ake yi wa ɗalibin da ya yi zarra a aji kirari, ko ɗan ƙwallon da ba a iya tare shi. Amma ku tambayi tsofaffin maharba asalin maganar. Idan sun dafa dafin kibiya, kafin su shiga daji da shi sai su kama zakara su soke shi, su tsaya suna kallo. In ya faɗi nan take, dafi ya yi. Zakaran nan bai shiga gasa da kowa ba, bai kuma roƙi a zaɓe shi ba. An dai sa shi gaba ne domin mutum ya san abin da zai tarar.

A wannan makon, manyan gobe, za mu bi gaɓar Kogin Kwara da Tafkin Kainji a kudancin Jihar Kebbi: daga Shanga zuwa Yelwa, daga Yelwa zuwa Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski. Shanga da Yauri da Ngaski su ne suka haɗu suka zama Masarautar Yauri. Za mu ga ruwa da kifi da albasa, amma abin da ya fito da mu shi ne labarin dabbobin da ɗan'adam yake sa wa gaba duk lokacin da ya tunkari wurin da bai sani ba. A wannan yanki ne wata shahararriyar tafiyar bincike ta ƙare shekara 200 da ɗoriya da suka wuce, kuma jakuna ne suka fara biyan kuɗinta. Daga jakunan nan za mu bi sawu har zuwa karnuka da birrai da kunkuru da aka harba sama kafin wani mutum ya yarda ya shiga kumbo.

Zango na farko: Shanga

Wanda ya taso daga Jega ya nufi kudu zai ratsa Koko, sannan ya faɗa ƙasar Shanga. Tun kafin ka ga kogi za ka ji alamarsa: iska ta yi laushi, itatuwa sun ƙara duhu, ga gonakin shinkafa a fadamu. Shangawa suna da harshensu, ɗan'uwan na Kyangawa da na mutanen Busa, ko da yake Hausa ta mamaye kasuwa da makaranta.

Kogin Kwara a nan cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ruwan daminar yankinmu ke kawowa daga wajen watan Agusta, mai laka da gurɓata. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ɓata watanni yana yawo a fadamun Mali, sannan ya iso nan da sanyin hunturu, laka duk ta kwanta. Manomi da masunci a wannan ƙasa da waɗannan cika biyu suke lissafin shekararsu.

Ku lura da wanda ke ɗauke da nauyin wannan rayuwa. Shanun huɗa ne ke jan garma. Jaki ne ke fito da buhu daga fadamar da mota ba ta iya shiga, kuma shi ke gaba a cikin taɓo, mai shi na biye yana taka inda ya taka. Makiyayi in zai haye ruwa da garke, jagorar shanun ce ke fara shiga, sauran su bi. Masunci kan dubi inda tsuntsaye ke shawagi ya gane inda kifi ya taru. Sa dabba gaba tsohuwar dabara ce, ta girmi boko, ta girmi roka.

Zango na biyu: Yelwa da jakunan Mungo Park

Yelwa ce hedikwatar masarauta, kuma nan ne kogi ke fara buɗewa ya zama tafki. Bakin ruwa ba ya rabo da hayaniya: kwale-kwale masu inji na sauke buhunan albasa da shinkafa, mata na kasa warangi, wato ƙananan kifayen nan da ake shanyawa a rana, ga giwan ruwa da tarwaɗa da ƙurungu a kan tebura. A nan ake bikin Rigata, inda ake tseren kwale-kwale da gasar ninƙaya. Kusa da gari, a Zamare, ana hayewa zuwa Rofia da ke ɗaya gaɓar.

Ta wannan ruwa ne wani jirgi mai suna Joliba ya gangaro a farkon 1806, ɗauke da Mungo Park, likita ɗan ƙasar Sikotlan. Kun san sunansa daga darasin tarihi, har wasu tsofaffin littattafai kan ce shi ya gano Kogin Kwara, alhali kakannin Gungawa da Sarkawa sun daɗe suna su a cikinsa. Abin da Turawa ba su sani ba a lokacin shi ne inda kogin yake ƙarewa, kuma shi Park ya fito nema.

Ga ɓangaren da ba a cika kawowa a aji ba. Kafin Park ya kai ga kogin, sai da ya yi tafiyar ƙasa ta fiye da wata uku daga Gambiya. Don haka ya sayi jakuna fiye da 40 a tsibiran Cape Verde, ya ƙara wasu a gaba. Ba a raɗa musu suna ba. An dai shafa wa kowane jaki lamba da jan fenti, aka shafa wa kayan da zai ɗauka. Ayarin ya tashi a watan Mayun 1805, dab da faɗuwar damina. Tun a watan farko ƙudan zuma suka far musu a bakin wani rafi, aka rasa jakuna da dama da doki guda. Sauran kuma ruwan sama da taɓo da hawan dutse da ƙetare koguna suka riƙa cinye su ɗaya bayan ɗaya, wasu ɓarayi suka kora. Mutanen ma ba su tsira ba: cikin Turawa kusan 40 da suka taso, 11 kacal suka ga kogin a watan Agusta, zazzaɓi da atuni sun gama da sauran.

Daga Sansanding ta ƙasar Mali ta yau Park ya shiga jirgi a watan Nuwamba. A ƙasar Yauri ɗan jagoransa Amadi Fatuma ya sauka, domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Jirgin ya ci gaba zuwa duwatsun Busa, inda Park da sauran mutanensa suka halaka a ruwa. Sunansa ya shiga littafi. Jakunan da suka kai shi bakin kogi kuwa, lambar jan fenti ce kawai rabonsu.

Zango na uku: hanyar Birnin Yauri da karnukan Mosko

Daga Yelwa muka ɗauki hanyar Kontagora zuwa Birnin Yauri, tsohuwar fadar masarauta kafin sarauta ta koma Yelwa. Nan ne 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka yi makonni a 1830 suna neman takardun Park, kafin su gangara su tabbatar cewa kogin a Tekun Atlantika yake zubewa. Daga nan hanya ta karkata zuwa Wara, ta ratsa gonakin Kambari na dawa da gero. Kusan kowane ƙauye za ka ga karnuka: na farauta masu siririn ciki, da waɗanda ba su da mai su, suna kwance ƙarƙashin rumfar mahauta suna jiran a jefo ƙashi. Ku riƙe hoton karen nan marar gata a zuciya, domin irinsa ne ya fara zagaya duniya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ɗan'adam ya sake samun kansa a bakin wani wuri da bai sani ba, wato sararin samaniya. Roka ta samu, amma tambayoyi sun fi amsa yawa. Shin zuciya za ta ci gaba da harba jini a inda babu nauyi? Mutum zai iya haɗiye abinci? Jiki zai jure matsin tashin roka? Hasken da ke fitowa daga rana da taurari, wanda iskar duniya ke tare mana, zai kashe mai rai? Babu likitan da ya sani. Sai aka koma ga dabarar maharba.

A ranar 20 ga Fabrairu, 1947, Amurkawa suka harba ƙananan ƙudaje, irin masu bin ruɓaɓɓen mangwaro, a cikin roka samfurin V-2 da suka kwaso daga Jamus. Sun kai tsayin kilomita 109, suka dawo da rai. A ranar 14 ga Yuni, 1949, wani biri mai suna Albert na Biyu ya kai kilomita 134, amma lemar saukarsa ta ƙi buɗewa, ya mutu da kumbon ya bugi ƙasa.

Tarayyar Sobiyet kuwa karnuka ta zaɓa, kuma ba na gidan masu hali ba. An riƙa tsinto su a titunan Mosko, bisa tunanin cewa karen da ya saba da yunwa da sanyi zai fi juriya. Ana son ƙanana, kuma mata, saboda sun fi natsuwa kuma kayan tara ba-haya sun fi dacewa da su. A ranar 22 ga Yuli, 1951, Dezik da Tsygan suka tashi sama da kusan kilomita 100 suka dawo lafiya. Bayan mako guda aka sake tura Dezik, wannan karon bai dawo da rai ba.

Sai Laika, wadda ta fi kowa suna. Karya ce mai nauyin kimanin kilo 6. An haɗa kumbonta, Sputnik 2, cikin gaggawa a ƙasa da wata guda, domin shugabanni na son ya tashi kafin bikin cika shekara 40 da juyin juya halin ƙasar. Babu wani tanadi na dawo da ita, kuma duk masu aikin sun san haka. Ta tashi ranar 3 ga Nuwamba, 1957. Na'urar da aka manna mata ta nuna bugun zuciyarta ya tashi daga kusan 100 zuwa 240 a minti. Ita ce dabba ta farko da ta kewaya duniya. Shekara da shekaru hukuma na cewa ta yi kwanaki da rai, sai a 2002 ɗaya daga cikin masanan da suka yi aikin, Dimitri Malashenkov, ya bayyana cewa cikin 'yan sa'o'i zafi ya kashe ta.

A watan Agustan 1960 Belka da Strelka suka yini suka kwana suna kewaya duniya tare da zomo da ɓeraye, suka sauko lafiya. A watan Disamba wasu biyu, Pchyolka da Mushka, suka mutu a hanyar dawowa. Sai da karya Zvezdochka ta je ta dawo ranar 25 ga Maris, 1961, sannan aka bar Yuri Gagarin ya shiga kumbo ranar 12 ga Afrilu.

Biri daga Kamaru, kunne a Kano

Kada ku ɗauka wannan labarin Turawa ne zalla. Afirka ta Yamma na da hannu a ciki ta hanya biyu.

Ta farko: birin da ya share wa Amurkawa hanya maƙwabcinmu ne. Nau'in cimfanzi ne, babban birin nan marar wutsiya da har yau ake samu a dajin Gashaka Gumti na Jihar Taraba. An haife shi a Kamaru a 1957, mafarauta suka kama shi yana ƙarami, aka sayar, daga bisani ya faɗa hannun sojan saman Amurka. An koya masa jan wani ƙarfe idan fitila ta kama. In ya yi daidai a ba shi ɗan abinci mai ɗanɗanon ayaba, in ya makara lantarki ya ja shi a tafin ƙafa. A ranar 31 ga Janairu, 1961, ya tashi sama da kilomita 250, tafiyar minti 16 da rabi, kuma ya yi aikinsa kusan da saurin da yake yi a ƙasa. Wannan ya nuna cewa ɗan sama jannati zai iya tunani da sarrafa na'ura a can. Kafin tashinsa, a hukumance Lamba 65 ake kiransa, kamar dai jakunan Park. Sai da ya dawo da rai aka sanar wa duniya cewa sunansa Ham. A hotunansa za ku ga ya yage baki kamar mai dariya, amma masana halayyar birrai sun ce wannan alamar tsoro ce. Ya ƙare rayuwarsa a gidajen namun daji, ya mutu a 1983.

Ta biyu: Kano. Kumbon da ke kewaya duniya kan wuce saman kowane wuri cikin 'yan mintoci, don haka hukumar NASA ta jera tashoshi 18 a sassan duniya, wasu a kan jiragen ruwa, domin a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. An kafa ɗaya a Kano, wata a Zanzibar. Aikin tashar Kano shi ne karɓar saƙonnin da kumbo ke aikowa, har da bugun zuciya da numfashi da zafin jikin wanda ke ciki, ta tura Amurka.

Fasinja mai rai na farko da wannan jerin tashoshi ya bi sawunsa ba mutum ba ne. Wani cimfanzi ne mai suna Enos, wanda ya tashi ranar 29 ga Nuwamba, 1961. A tsakiyar tafiya na'urar gwajinsa ta lalace, ta riƙa jansa da lantarki ko da ya yi daidai, har sau 76. Duk da haka ya ci gaba da jan ƙarfen da aka koya masa. An shirya zagaye uku, amma matsalar na'ura ta sa aka sauko da shi bayan biyu. Bai cika shekara da dawowa ba atuni ya kashe shi.

Bayan wata uku ba kaɗan, ranar 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn ya bi hanyar da Enos ya share. Da ya zo saitin Kano ya shaida wa tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, aka amsa masa cewa an yi kwanaki ana iska mai ƙarfi. Duk ɗan Arewa ya san wannan ƙura, ta hunturu ce. Glenn ya sami faretin girmamawa a birnin New York. Enos kuwa, ko cikin masu sha'awar kimiyya ba kowa ya san sunansa ba.

Akwai ma dabbar da daga ƙasar Afirka ta tashi. A ranar 18 ga Oktoba, 1963, Faransawa suka harba wata kyanwa mai suna Félicette daga Hammaguir, cikin Saharar Aljeriya. Ta dawo lafiya, amma bayan wata biyu aka kashe ta domin a binciki ƙwaƙwalwarta.

Zango na huɗu: Wara da abin da ke ƙarƙashin ruwa

A Wara, hedikwatar Ngaski, tafki ya buɗe sosai, har akwai wuraren da ɗaya gaɓar ke zama kamar zare a ido. Ranar kasuwa jirage kan zo daga tungayen masunta da ƙauyukan Borgu da ke ƙetare, cikin Jihar Neja. Duk wanda zai shiga jirgi a nan ya nemi rigar kariya, kada kuma ya yarda da jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya nufo Wara ya nutse da mutane masu yawan gaske, kuma har yau akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwan da kan fasa jirgi.

Kututturan nan shaida ne cewa wannan wuri dā tudu ne. An fara gina Madatsar Kainji a 1964, aka toshe kogin a daminar 1968, ruwa ya yi ta hawa har ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130 da faɗin fili fiye da murabba'in kilomita 1,200. Injinan madatsar takwas an tsara su ne su ba da megawat 760 na lantarki. Mutane kusan 44,000 aka tayar aka sake wa matsuguni. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya samo asali, wato tsibiri, sun bar tsibiran da suke noman albasa a kai. Tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Mungo Park duk suna ƙarƙashin wannan ruwa.

Adadin mutane shi aka fi ambata. Amma ruwan da ya ci gidaje ya ci ramukan gafiya da bushiya da damo, ya ci sheƙar tsuntsaye, ya ci fadamun da shanu ke kiwo da rani. Wasu dabbobin sun sami sabon gida: dorina da kada na nan, kifi ya yawaita a shekarun farko, kuma a 1979 aka haɗa dazukan Borgu da Zugurma aka kafa Gandun Dajin Tafkin Kainji. Ayu kuwa, dabbar ruwan nan mai shayarwa da ke cin ciyawa, farauta da raga sun sa ganinsa ya zama abin labari.

Ga wani abin mamaki na tarihi. A watan Satumban 1968, daidai lokacin da ruwan nan ke hawa kan gonakin Ngaski, wasu kunkuru biyu na cikin kumbon Sobiyet mai suna Zond 5 suna zagaya wata. Su da 'yan ƙwari da tsirrai da ke tare da su ne masu rai na farko da suka kai can suka dawo. An hana su abinci tun kafin tashi, sun dawo a rame, sun rasa kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, amma da ransu. Sai bayan wata uku mutane suka yi wannan zagaye a kumbon Apollo 8. Ashe mai tafiyar hawainiya ma kan riga mai gudu, in an ɗora shi a roka.

Dare a bakin tafki

Idan makarantarku ta shirya ziyara zuwa wannan yanki, ku roƙi malamai a bar ku ku ga faɗuwar rana a bakin ruwa. Bayan magariba, inda hasken gari bai kai ba, sama kan cika fal. Za ku ga Zara kusa da inda rana ta faɗi a lokacinta, ku ga Kaza da 'Ya'yanta da hunturu. Ku ƙura ido sosai: in kun ga ɗigon haske yana tafiya a miƙe, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgin sama, to tauraron ɗan'adam ne rana ke haskawa. Wanda ya fi su haske shi ne tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai tsayin kimanin kilomita 400, wadda ke kewaya duniya cikin kusan minti 90 da mutane a ciki.

Mun daɗe muna cin moriyar wannan sarari. Tun ranar 23 ga Agusta, 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy na Amurka ta tauraron Syncom 2. A watan Satumban 2003 Najeriya ta sami nata tauraron na farko, NigeriaSat-1. Hasashen ruwan sama da manomin Shanga ke ji a rediyo, da taswirar da ke cikin wayarku, duk daga sama suke zuwa. Likitocin da ke kula da mutanen da ke cikin tashar can kuwa, harsashin iliminsu daga jikin Laika da Ham da Enos aka tono shi.

To, an yi daidai ko an yi zalunci? Wannan tambaya ce da ta cancanci muhawara a ajinku. Masu kare abin da aka yi suna cewa ran mutum ya fi na dabba, kuma da ba a gwada lemar sauka da iskar shaƙa a kan birrai da karnuka ba, da mutane ne suka mutu. Gaskiya ne. Amma akwai gwajin da ilimi ya buƙata, akwai wanda gasa da neman suna suka jawo. Laika ta mutu ne saboda ana sauri a cika alkawarin ranar biki. Oleg Gazenko, ɗaya daga cikin waɗanda suka horar da ita, ya fito a 1998 ya nuna nadama, yana ganin abin da aka koya daga tafiyar bai kai a kashe ta dominsa ba.

Akan ce waɗannan dabbobi sun sadaukar da rayukansu. Ku auna kalmar da kyau. Mai sadaukarwa shi ne wanda aka tambaya ya amince. Gagarin da Glenn sun san haɗarin, suka ce sun ji sun gani. Laika ba a tambaye ta ba, haka jakunan Park, haka zakaran maharbi. Sadaukar da su aka yi, kuma wanda aka yi wa haka bashi yake bi. An gina wa Laika mutum-mutumi a Mosko a 2008, aka yi wa Félicette nata a Faransa a 2019, amma mutum-mutumi ba ya biyan bashi.

Abin da ya fi kusa da biya shi ne gyara hali. A 1959 masana biyu a Ingila, William Russell da Rex Burch, suka fitar da ƙa'idoji uku da ɗakunan gwaje-gwaje na duniya ke bi a yau: in akwai wata hanya, kada a yi amfani da dabba, in babu, a rage yawansu iya gwargwado, waɗanda aka yi amfani da su kuma a rage musu wahala. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Tun a Islamiyya an karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ta hana ta abinci, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Kada wani ya ce ai mu yara ne, wannan maganar manya ce. A 1973 an kai gizo-gizo biyu, Arabella da Anita, tashar Skylab ta Amurka domin a ga ko za su iya saƙa a inda babu nauyi. Da farko saƙar ta fito a hargitse, bayan 'yan kwanaki ta daidaita. Dukansu biyu a can suka mutu. Wadda ta kawo shawarar gwajin ɗalibar sakandare ce kamarku. Cikinku akwai waɗanda za su zama likitocin dabbobi, da masu haɗa magani, da injiniyoyin da za su datse wasu kogunan. Ranar da aka miƙa muku ɓera ko kwaɗo a ɗakin gwaji, ku yi tambayoyin nan uku kafin ku ɗauki wuƙa. Kafin ranar ta zo kuwa, ga jakin da ke dakon buhu a bakin ruwan Yelwa da gyambo a baya, ga karen da yara ke jifa a bayan makaranta. Daga kansu ake fara biya.